Daga Kurmi Zuwa Maraɗi: Waiwaye Kan Cinikayya Tsakanin Birnin Kano da Jamhuriyar Nijar

Tsakure

Wannan maƙala ta waiwayi hulɗar cinikayya tsakanin birnin Kano da Jamhuriyar Nijar. Ta nuna cewa hulɗar ta girmi iyakar da ke tsakanin ƙasashen biyu. Saboda haka, rufe iyaka kan karkatar da fatauci ne zuwa hanyoyin daji, talaka kuma ya biya kuɗin wahalar.

1.0 Gabatarwa

Tsawon iyakar Nijeriya da Nijar ya kai kimanin kilomita 1,500. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906. Kafin wannan lokaci, Kano da Damagaram da Agadas zanguna ne a kan hanyar fatauci guda.

2.0 Shaidar da ke Cikin Ganuwa

An kafa kasuwar Kurmi a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499). A nan ayarin Abzinawa kan sauke gishirin Bilma da kanwa da dabino, su koma da hatsi da turkuɗi da baƙin rawani, irin wanda marinan Kano suka shahara da shi. Sawun waɗannan baƙi bai ɓace ba. Unguwar Agadasawa tana ɗauke da sunan garin da mazaunanta na farko suka fito. Haka nan Agalawa da Tokarawa, waɗanda suka yi fice a fataucin goro zuwa Gwanja, asalinsu daga ƙasar Buzaye ne. Abin da ya riƙe wannan ciniki shi ne amana tsakanin madugu da fatoma da dillali, domin bisa ita ake ba da bashi, kuma a kanta ake ajiyar kaya.

3.0 Rawar Gwamnatoci

A 1971 ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa mai mazauni a Yamai, sannan suka shiga ƙungiyar ECOWAS a 1975. A yau dabbobi da wake kan shigo ta Maigatari da Jibiya, yayin da gero da masara daga kasuwar Dawanau, da kayan masana'antu, kan nufi Maraɗi da Damagaram.

Sau biyu aka datse wannan hanya a 'yan shekarun nan. Gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin tudu daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 domin daƙile fasa-ƙwaurin shinkafa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, wanda ya kifar da Mohamed Bazoum, Nijeriya ta sake rufe iyaka, ta kuma yanke wa Nijar wutar lantarki, ba ta buɗe ba sai a Maris na 2024. A lokutan biyu kaya ba su daina ƙetarawa ba, sai dai tsadar dako da haɗarin hanya suka hau kan farashi. Abin lura shi ne, lokacin da shugaban mulkin soja Janar Abdourahamane Tiani ya ƙi ganin wakilan ECOWAS, ya karɓi Muhammadu Sanusi II a Agustan 2023. Wato tsohuwar zumunta ta buɗe ƙofar da diflomasiyya ta tarar a rufe.

4.0 Kammalawa

Ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025 ta ƙara wa hukumar haɗin gwiwa ta 1971 nauyi. Layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, amfaninsa ya rataya ne ga zaman lafiyar iyakar. Ga manazarta Hausa kuwa, akwai aiki na gaggawa: tattara tarihin baka da kalmomin fatauci daga bakin dattawan Kurmi da Agadasawa tun suna raye, domin a wurinsu ake samun bayanin yadda wannan amana ta ɗore.