Shawara ga Masu Koya wa Yara Kurket

A filin Shivaji Park na Mumbai, mai horarwa Ramakant Achrekar ya kasance yakan ɗora tsabar kuɗin rupee ɗaya a kan sandunan da ɗalibinsa Sachin Tendulkar ke karewa. Wanda ya fitar da yaron ya ɗauka, in kuwa aka tashi yana nan, kuɗin nasa ne. Guda 13 ya tara. A 1989, yana ɗan shekara 16, ya buga wa Indiya.

Malam mai horarwa, sa ɗan lada a atisaye, komai ƙanƙantarsa, yaro ya saba da faɗuwar gaba tun kafin ranar gasa. Ranar da aka fitar da shi, kada ka yi masa tsawa gaban abokansa. Bari ya sha ruwa tukuna, sannan ka tambaye shi wace jifa ce ta ruɗe shi.