Kafin Ka Jefar da Memorin Nan

A ce kana da shago a Kasuwar Monday ta Kakuri, ka kafa kyamarar tsaro. Ranar da aka yi maka ɓarna ka zaro memori, sai ka tarar da bidiyon ya ƙi buɗewa. Sau da yawa memorin lafiyarsa ƙalau, lissafin cikinsa ne ya dagule.

Kowane memori yana da tsarin ajiya, kamar littafin bashi: shi ke nuna inda kowane fayil ya fara da inda ya ƙare. Ƙananan na'urori, irin su kyamara da rediyon MP3, galibi FAT32 suka sani. Tsoho ne, tun 1996 yake, kuma ba ya rubuta inda ya tsaya da aiki. In aka ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu, shi ke nan. Mu kuwa ɗauke wuta ba baƙonmu ba ne.

Saboda haka haɗa kyamarar da batir ko inbata. Kada ka zare memori na'ura tana aiki, kashe ta tukuna. Sabo kuma, yi masa fomat a cikin na'urar da za ta riƙe shi, ba a kwamfuta ba.

Babba ba kullum ya fi ba. Wanda ya wuce 32GB da exFAT yake zuwa, tsohuwar rediyo ba ta san shi ba. In fayiloli sun ɓace, kada ka ƙara ɗora komai a kai, kada ka yi fomat. Kai wa mai gyara, wataƙila a ceto su.