Hakkin Kyanwa Gurguwa A Kan Mai Ita

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Mai ciyar da ƙaƙƙarfa da rarrauna. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, karatunmu na wannan mako ya taso ne daga tambayar wani magidanci, manomi daga ƙasar Sule Tankarkar, wanda ya tare ni a Gumel bayan an sauko daga Juma'a. Ya ce, "Malam, ina da kyanwa, shekararta huɗu tana tsare mini rumbun gero daga ɓeraye. Ta faɗa tarkon da aka ɗana wa gafiya, ƙafarta ta gaba ta karye har ta fara ruɓewa, likitan dabbobi ya yanke ta. Maƙwabta sun ce in sa ta a buhu ran Alhamis, in zan tafi kasuwar Maigatari, in yar da ita a hanya tun da amfaninta ya ƙare. Waɗansu kuma sun ce kyanwa mai ƙafa uku ba abin zama da ita ba ce. Mene ne hukunci?"

Lalle wannan tambaya ta shafi kowane gida mai rumbu, daga Gagarawa har bakin iyakar Nijar. Za mu kasa amsarta kashi huɗu.

Na farko, yankewar kanta. Imamu Buhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai yanke gaɓar dabba tana da rai domin wasa ko mugunta. Amma yankewar da likita ya yi domin ceton rai magani ce, babu laifi a cikinta. Ita kuwa gaɓar da aka cire hukuncinta na mushe ne, kamar yadda hadisin Abu Waƙid ya nuna a wurin Abu Dawuda da Tirmizi. Sai a binne ta.

Na biyu, tsarkinta. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya kawo labarin Kabsha 'yar Ka'abu, wadda ta ga surukinta Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar ruwan alwalarsa har ta sha. Da ta yi mamaki, sai ya sanar da ita cewa Annabi ya bayyana kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai da komowa a tsakaninmu. Rashin ƙafa bai canja wannan hukunci ba. Jini da mugunyar da ke fita daga raunin su ne najasa, in sun taɓa tufa a wanke. Batun cewa gurguwar kyanwa tana jawo tsiya kuwa camfi ne, ba shi da tushe a addini.

Na uku, yar da ita. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Wani zai ce, "Ai ni sakinta zan yi." To, a duba dalilin sakin: domin ta iya farauta ne ta ci. Dabba mai ɗanyen rauni da aka jefar a dajin da ba ta sani ba, ga rana, ga rairayi mai zafi, ga karnuka, ba ta da hanyar ci. A fahimtata, irin wannan saki da waccan tsarewa sakamakonsu ɗaya ne. Haka kuma, killace ta domin jiyya, tare da ci da sha, bai shiga cikin wancan gargaɗi ba.

Na huɗu, jiyyar. Hadisi na 17 cikin Arba'una ta Imamu Nawawi yana koyar da cewa Allah Ya wajabta kyautatawa a kan kome. Ga kyautatawar da ta dace a nan. A ajiye ta a ɗaki mai tsabta, nesa da yara da ƙudaje, har a cire ɗinki, galibi bayan kwana 10 zuwa 14. A hana ta lasar wurin. Kada a shafa baƙin mai, ko toka, ko kashin shanu. Kada a ba ta farasitamol, gama hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Sai maganin da likita ya rubuta. A sa mata abinci da ruwa a ƙasa kusa da ita, da kaskon rairayi domin bayan gida. In wurin ya kumbura, ko ya yi wari, ko ta ƙi cin abinci, a koma wa likita da gaggawa. Bayan ta warke kada a bari ta yi ƙiba, domin ƙafafun gaba su ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin jikinta, ga shi ɗaya ta rage. Yawancinsu sukan saba da ƙafa uku cikin 'yan makonni, har su koma kama ɓera.

Amma ko da ba ta sake kama ɓera ko ɗaya ba, hakkinta yana nan. Sahabbai sun tambayi Annabi ko akwai lada a cikin kyautata wa dabbobi, ya amsa musu cewa akwai shi a kan kowane mai rai, bai gindaya sharaɗin amfani ba. Masana tarihi sun ambata cewa Sarkin Masar Zahir Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin lambu a Alƙahira domin ciyar da kyanwoyin da ba su da masu su. Ina ga wadda ta yi maka gadi shekara huɗu?

Saboda haka, ya ɗan'uwa, ka riƙe ta. In ba ka da hali, ka danƙa ta ga wanda zai iya, hannu da hannu. Allah Ya sa mu cikin masu jinƙai, domin Ya jiƙan mu. Allah ne Mafi sani.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.