HAWAN JINI GA YARA MASU ƘIBA: MAGANI KO GYARAN TUKUNYA?

A Maje ta ƙasar Suleja, kamar sauran garuruwanmu, in aka ga yaro ya yi ɓul-ɓul sai a ce gidansu akwai wadata. To, ba kullum ƙiba take nuna lafiya ba. Hawan jini, wanda muka saba ɗauka ciwon dattawa ne, yana kama yara, ya kuwa fi kama masu ƙiba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 yara da matasa fiye da miliyan 390, 'yan shekara 5 zuwa 19, nauyinsu ya wuce kima.

Mugun halin wannan ciwo shi ne ba ya sallama. Yaro yana wasa, yana dariya, alhali naman zuciyarsa yana ƙara kauri, ƙodarsa tana raunana a hankali. Awo kaɗai ke tona shi. Saboda haka ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara a 2017 a riƙa auna yaro sau ɗaya a shekara tun daga shekara 3, mai ƙiba kuwa duk lokacin da aka kai shi asibiti. Lalle a yi awon da ɗamarar da ta dace da damtsensa, gama wadda ta yi masa kaɗan takan nuna hawa inda babu. Ba a yanke hukunci sai awo ya nuna hawa a zuwa uku dabam-dabam. Ga ɗan shekara 13 zuwa sama, 130 bisa 80 hawa ne.

In an tabbatar, yawanci likita ba ya farawa da ƙwaya. Da tukunya yake farawa. Gishirin da aka yarda wa babban mutum bai kai giram 5 a rana ba, watau kusan cokalin shayi ɗaya, na yaro kuwa ƙasa da haka. Amma dunƙulen miya kusan rabinsa gishiri ne, ga na cikin taliyar leda, ga kanwa. Kwalbar lemo guda tana ɗauke da sukari wajen cokalin shayi tara, zoɓon da aka cika wa sukari kuma bai fi ta kirki ba. Ku rage waɗannan, ku koma ga daddawa da zogale da rama da wake da gwanda. Kada a ware wa yaron kwanonsa dabam, ana yi masa gori. Gidan duka ne zai gyara, tun da sau da yawa uba ma yana da ciwon bai sani ba.

Sai motsa jiki, awa ɗaya kowace rana. Mun san iyayen da ke zaune kusa da defon mai na Maje suna tsoron tankoki, suna da gaskiya kuwa. Amma filin makaranta yana nan, langa da ƙwallo da 'yar gala-gala ba su cin ko kwabo.

In an yi haka kamar wata 6 jini bai sauka ba, sai magani. Akwai kuma yaran da ba a jira da su: wanda awonsa ya hau ƙwarai, ko mai ciwon ƙoda, ko ciwon sukari, ko wanda zuciyarsa ta fara taɓuwa. Ƙaramin yaro da bai kai shekara 6 ba, lalle a binciki ƙodarsa. A nan kada uba ya ce ɗansa ya yi ƙanƙanta da shan ƙwaya. Kada kuma ya ɓantara masa tasa, ko ya saya a kemis da ka, domin da nauyin yaro ake auna magani. Magunguna irin su lisinopril da enalapril suna yi wa ɗan tayi lahani, saboda haka in yarinya ce ta kusa aure, a gaya wa likita tun da wuri.

Mutanen Maje su fara daga asibitin shan magani mafi kusa. In ana bukatar gwajin jini da fitsari, za a tura su Babban Asibitin Suleja.