Yadda ake duba abin da haɗin rassa ya canza a Git

Ɗaliban kimiyyar harshe da ke tattara matanin Hausa tare sukan ajiye aikinsu a Git, manhajar da Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005. Kowa yana aiki a reshensa, daga baya a haɗa. Wurin haɗin ne gyare-gyare suka fi salwanta ba tare da an lura ba.

A ɗauka ɗalibai biyu sun taɓa jimla ɗaya: "'ya'yan sun sayi gari". Ta farko ta mayar da 'y zuwa ƴ bisa ƙa'idar rubutun Nijar. Na biyu ya nuna tsawon wasali, ya rubuta "gaarii", domin a gane na tuwo ake nufi, ba birni ba. Git layi-layi yake kwatantawa, saboda haka sai ya tsaya ya ce akwai saɓani. Mai haɗawa, cikin gaggawa, ya ɗauki layin ɗalibar gaba ɗaya. Aikin na biyu ya tafi.

Ajiyar haɗi tana da iyaye biyu, shi ya sa duba ta ya bambanta da na sauran. Umarnin `git log -p` ba ya nuna bambancinta sai an nema. Shi kuwa `git show` yana nuna wuraren da sakamakon ya saɓa wa iyayen duka biyu ne kawai. Tunda layin da aka zaɓa daidai yake da na ɗayansu, ba zai bayyana ba, mai dubawa ya zaci komai lafiya.

Mafita ita ce a kwatanta da kowane ɓangare daban. Idan M ce ajiyar haɗin, `git diff M^1 M` yana nuna abin da ya shigo wa reshen da aka haɗa a cikinsa, `git diff M^2 M` kuma abin da ya canza ga ɗaya reshen. A na biyun ne za a ga "gaarii" ya koma "gari". Ƙara `--word-diff` yana taimakawa ƙwarai, domin ƙugiya ko wasali ɗaya yakan ɓace wa ido a dogon layi.

Tun 2022 akwai `git show --remerge-diff M`, wanda ke sake yin haɗin, ya nuna saɓanin da abin da mai haɗawa ya zaɓa. Kwamfutar da ke da tsohon Git ba za ta karɓi wannan umarni ba; `git --version` zai faɗi wanda ke kanta.