Ƙullutu A Fata, Nauyi A Zuci: Darasi Kan Cutar NF1

Wataƙila a ɗakin lacca ko a layin famfo ka taɓa haɗuwa da wani mai ƙananan ƙullutai a fuska da wuya da hannu. Ka kalla, ka sake kallo, sannan ka ɗan matsa gefe. Mai yiwuwa abin da ka gani shi ne cutar da likitoci ke kira niyurofaiburomatosis nau'i na ɗaya, NF1 a taƙaice. Wani likitan Jamus, Friedrich von Recklinghausen, ya yi bayaninta a 1882, kuma tana samun kusan mutum 1 cikin 3,000.

Mene ne sanadinta?

Tangarɗar tana cikin ƙwayar gado guda ɗaya da ke kan kuromosom na 17. Aikin wannan ƙwaya shi ne taka wa ƙwayoyin jiki birki don kada su yi ta hayayyafa. Idan birkin ya lalace, sai tsiro ya riƙa fitowa a kan jijiyoyin da ke kai saƙo a jiki. Kusan rabin masu cutar gadonta suka yi, sauran kuwa a kansu ta fara. Duk ɗan da mai ita ya haifa yana da yiwuwar kashi 50 cikin 100 ya gaje ta. Ba a ɗaukarta ta musabaha, ko cin abinci kwano ɗaya, ko kwana ɗaki ɗaya. Ba kuturta ba ce, ba kuma sammu ba.

Tun yarinta akan ga tabo masu launin shayi da madara, shida ko fiye, da ɗigo-ɗigo a hammata. Ƙullutan kuwa sukan fito ne daga lokacin balaga, wato daidai shekarun da matashi ya fi damuwa da kamanninsa.

Ina ruwan ƙwaƙwalwa?

Bincike ya nuna ciwon damuwa da fargaba sun fi yawa a tsakanin manya masu NF1 fiye da sauran jama'a. Abu uku ke haɗuwa. Na farko, idon mutane: kallo, tsegumi, suna na tsokana, da neman auren da ke rushewa da zarar dangi sun gani. Na biyu, rashin tabbas. Ba likitan da zai iya faɗa maka ko ƙullutan za su tsaya a goma ko su kai ɗari. Yawancinsu ba kansa ba ne, amma wani na cikin jiki kan rikiɗe ya zama kansa, sai mutum ya kwana da wannan tunanin ya tashi da shi. Na uku, raɗaɗi da wahalar karatu. Kusan rabin masu ita suna fama da matsalar koyo ko ta tattara hankali, sai a ce musu malalata alhali suna iya bakin ƙoƙarinsu.

To, me za mu yi?

Idan kana da ita, ka riƙa ganin likita aƙalla sau ɗaya a shekara, a auna hawan jini, a duba fata. Ƙullutun da ya fara girma da sauri, ko ya yi tauri, ko yake ciwo ba sassauci, kada ka jira hutun zango, garzaya asibiti. Idan ka yi mako biyu ba barci, ba sha'awar komai, ka faɗa a asibitin makaranta ko ofishin ba da shawara. Ciwon damuwa yana da magani. Har yanzu babu maganin da ke kawar da NF1 gaba ɗaya, amma ana yin tiyata a cire ƙullutun da ke damun mutum.

Idan kuma abokin ajinka ne, ka ba shi hannu, ku zauna benci ɗaya, ka sa shi a rukunin karatu. Kada ka ɗauke shi hoto, kada ka kawo masa sunan mai magani. In yana son ya yi bayani, zai yi da kansa.

Ranar 17 ga Mayu ce ranar wayar da kai kan wannan cuta a duniya. Ba sai mun jira ta ba, gobe ma akwai lacca.