Timoti da Ciwon Cikinsa: Darasi Ga Waɗanda Ƙarfinsu Ya Ragu

Karatu: 1 Timoti 5:23, 1 Sarakuna 19:1-8

Akwai 'yan'uwa a cikinmu da gari ke waye musu da gajiya kamar sun kwana suna noma. Gyambon ciki ne ya daɗe da su, ko kumburin hanji, ko zawo mai tafiya yana dawowa. Da yake ciwon ba ya nunawa a fuska, sai a riƙa cewa wane ya yi sanyi cikin Ruhu, wance ta daina zuwa zumuntar mata. Wasu har sun fara gaskata wannan zargi a kan kansu.

Mu dubi Timoti. Bulus ya bar shi a Afisa domin ya tsaya wa koyarwa ta gaskiya (1 Timoti 1:3). A wannan birni ne Allah ya yi manyan al'ajibai ta hannun Bulus, har ana ɗaukar ƙyallayen da suka taɓa jikinsa a kai wa marasa lafiya su warke (Ayyukan Manzanni 19:11-12). Duk da haka ɗansa cikin bangaskiya yana fama da ciki, kuma ciwon yana yawan tashi. Bulus bai ce masa ya binciki zunubinsa ba. Bai ce ya ƙara kwanakin azumi ba, bai kuma sauke shi daga aiki ba. Ya ba shi shawara a kan abin da zai sha, irin maganin da aka sani a zamaninsu. Kada wani ya ɗauki ayar nan ya mai da ita lasisin shan giya. Ga mai gyambon ciki ma giya ƙara hura wutar take yi. Abin lura shi ne manzo mai baiwar warkarwa ya ɗauki cikin Timoti da muhimmanci, har Ruhu Mai Tsarki ya bar maganar a rubuce dominmu.

Mun gaskata Yesu yana warkarwa yau. Muna shafa mai, muna ɗibiya hannu bisa ga Yakubu 5:14, ba kuwa za mu daina ba. Amma Bulus ɗin nan ya bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya (2 Timoti 4:20), kuma abokin tafiyarsa Luka likita ne. Wanda yake jiran warkarwarsa yana shan magani bai fita daga bangaskiya ba.

Me ya sa ciwon ciki yake cinye ƙarfi haka? Ciki da hanji su ne ƙofar da abinci ke bi ya zama jini da kuzari. Idan akwai gyambo, yakan riƙa ɗigar da jini kaɗan-kaɗan ba tare da mutum ya sani ba, har jini ya yi ƙaranci. Daga nan sai jiri, bugun zuciya, da haki ko da ɗan hawan tudu ne. Hanji mai kumburi kuma ba ya tsotse amfanin abinci yadda ya kamata. Ga zafi yana hana barci, ga tsoron cin abinci saboda abin da zai biyo baya. Wannan gajiya tana da dalili a jiki, ana kuma iya gano shi a asibiti da gwajin jini da na bayan gida.

Yawancin gyambon ciki wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wadda likitoci ke kira H. pylori. Likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka tabbatar da haka, aka ba su lambar Nobel a 2005. Ana kashe ta da haɗin magunguna na kamar mako biyu, in an sha su har ƙarshe. Mutane da yawa sun shekara suna shan kanwa da farin maganin ƙwannafi, alhali ba a taɓa gwada su ba. Abin da ya fi damuna shi ne magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen, diclofenac da aspirin, waɗanda mai gajiya ke saya a kemis don ya samu ya yi aiki. Su kansu suna cin bangon ciki. Idan kuwa bayan gida ya koma baƙi kamar kwalta, ko aka yi aman jini, ko jiki yana ramewa ba dalili, a yi addu'ar a kan hanyar asibiti, kada a jira taron warkarwa na ƙarshen wata.

Yanzu ga Iliya. Ba ciwon ciki ne ya kama shi ba, amma ya san gajiyar da ke sa mutum ya roƙi mutuwa. Bayan nasarar Dutsen Karmel ya gudu daga Yezebel, ya shiga jeji, ya faɗi ƙarƙashin wani itace. Mala'ikan Ubangiji bai zo masa da wa'azi ba. Ya tashe shi ya ci gurasa ya sha ruwa, ya bar shi ya koma barci, ya sake tashinsa ya ci, domin tafiyar ta fi ƙarfinsa. Sai da ya kai Horeb sannan Allah ya yi masa maganar aiki.

Saboda haka, ɗan'uwa, 'yar'uwa, ƙarfin da ya rage maka ajiya ce, a kashe ta da hikima. Ka lura da lokacin da jikinka ya fi sauƙi a yini, ka sa addu'a da aiki mai nauyi a nan. Ka ci kaɗan-kaɗan sau da yawa maimakon tulin tuwo sau ɗaya da dare. Zogale, alayyafo, wake, kifi da hanta suna taimakon jini, in cikinka yana karɓarsu. Abin da ke tayar wa wani ba lallai ya tayar maka ba, don haka ka riƙa lura. Shayi a kan abinci yana rage amfanin da jini zai samu, a ba shi tazara.

Sai batun azumi, inda na ga an fi jin kunya. Idan ikilisiya ta sanar da azumin kwana 21 a watan Janairu, mai wannan ciwo ya fara tambayar likitansa, ya kuma gaya wa fasto gaskiya. Daniyel ya yi mako uku yana ƙin nama da abinci mai daɗi, bai daina ci ɗungum ba (Daniyel 10:2-3), kuma an ji addu'arsa tun ranar farko. Kana iya barin waya da hira, ka ba Allah wannan lokaci. In an yi kwanan addu'a, ka zauna a kujera sa'ad da wasu ke tsaye, in jiki ya gaza ka tafi gida.

Mu kuma shugabanni da masu lafiya, mu daina kiran sunan wanda bai zo ba daga kan bagade. A aika dattijo ko wata daga zumuntar mata ta je gidan da kunu mai ɗumi, ta tambaya ko an yi gwajin jini, ko akwai kuɗin maganin. In babu, asusun taimako na ikilisiya don irin wannan aka kafa shi.

Addu'a: Ku ambaci sunan ɗan'uwa ɗaya mai wannan ciwo a gaban Ubangiji, ku roƙa masa warkarwa, da barci mai daɗi a daren yau, cikin sunan Yesu. Amin.